Wata uku ba albashi, yanzu sun ce in sa hannu in tafi

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Tun shekaranjiya da na fito daga ofishin kulob ɗinmu barci ya ƙaurace wa idona, shi ya sa na ce bari in rubuto maka.

Ni ɗan ƙwallo ne, lamba biyar nake bugawa, shekarata 31. Tun 2014 nake yawon ƙasashe. Malta na fara zuwa gwaji, daga nan Albaniya, sai Oman kaka biyu, sai Indiya, sai Bangaladash, ga shi na sake dawowa Turai a rukuni na biyu. Kulob takwas ke nan. Da mutane sun ji an ce wane yana wasa a waje, Ahmed Musa ne ke faɗo musu a rai, lokacin da Leicester ta saye shi a 2016. Irinmu kuwa kwantiragin kaka ɗaya ake ba mu, kaka na ƙarewa ka koma zaman jiran waya.

To shekaranjiya daraktan wasanni ya kira ni, ya turo min takarda da yarensu, ya ɗora biro a kai. Wai in sa hannu cewa ba na bin su komai, su ba ni albashin wata ɗaya da tikitin jirgi. Alhali wata uku nake bin su. Ko kallona bai yi ba, wayarsa yake ta dannawa. Mutumin da ya rungume ni ranar da na zo yana cewa ni ne katangarsu.

Na manta ban faɗa ba, na ji rauni a gwiwa a watan Oktoba, kuma a wasansu na ji shi. Mako shida na yi ina jinya. Ina dawowa na tarar an kwashe kayana daga ɗakin sauya kaya an zuba a leda, aka ce in riƙa zuwa atisaye ni kaɗai da ƙarfe bakwai na safe, ina zagaye fili cikin sanyi, mai gadi na kallona. Gaskiya ne na yi wa koci tsawa a gaban yara, na kuma ƙi zuwa kwana biyu. Amma Malam, wa za a yi wa haka ya yi shiru? Yanzu da wannan suke min barazana, wai na karya doka. Ni na san gurbina na baƙo suke so, domin akwai iyakar baƙin da za su iya yi wa rajista, kuma ejan ɗina, wato wakilin da ke nemo min kulob, da kansa ya kawo musu wani yaro. Ejan ɗin da ya yanki kashi 10 cikin 100 na kuɗina. Yana karanta saƙona a WhatsApp, ba ya amsawa. Allah ya isa tsakanina da shi.

Wani abokin wasana ya ce kada in kuskura in sa hannu. Ya ce tun 2018 dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar soke kwantiragi idan an riƙe masa albashin wata biyu, muddin ya rubuta wa kulob takardar gargaɗi ya ba su aƙalla kwana 15. Daga nan sai ya kai ƙara kotun ƙwallo ta FIFA, kuma ƙungiyar 'yan wasa ta FIFPRO tana taimakawa. Na yarda da shi. Sai dai shari'a watanni take ɗauka, hayar gidan da nake ciki kulob ke biya, izinin zamana kuma a kan kwantiragin yake. Fasfona ma yana hannunsu tun da suka karɓa wai za a sabunta takardu. Sannan na riga na buga wa wani kulob wasa biyu a watan Agusta kafin in zo nan, doka kuma ta ce ƙungiya biyu kacal za ka buga wa a kaka ɗaya, sai fa in ka koma ƙasar da kakarta ta sha bamban. Ga kasuwar cinikin 'yan wasa ta Janairu ta kusa rufewa.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar matata. Ban gaya mata komai ba. Rance nake ci a wurin abokai ina tura mata, don kada hankalinta ya tashi, ai don ita na yi. Jiya ta ce min ta gaji da auren waya, wai ko dai na ajiye wata a nan ne shi ya sa kuɗin suka ragu. Shekara shida da aurenmu, in aka tattara zaman da muka yi tare bai fi shekara ɗaya da rabi ba. Ɗanmu ya fi sanin fuskata a allon waya. Ita ba ta taɓa tambayata yadda gwiwar take ba, ko da yake ban gaya mata girman raunin ba.

Baba kuma tun farko bai so harkar ƙwallon nan ba. Da wane ido zan kalle shi in na dawo da jaka ɗaya bayan shekara goma sha ɗaya? Ban iya wata sana'a ba, Malam, ko takardar koci ban yi ba.

Ta yaya zan fara gaya mata gaskiya ba tare da ta ɗauke ni maƙaryaci ba? Ko in bari sai na ga abin da zai fito daga wajen FIFA? Takardar kuma sun ba ni zuwa ranar Litinin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.