Wasiƙa zuwa ga ɗana kan motar da yake shirin saya

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran. Mu ma nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ke tashi jefi-jefi, ita ma da sauƙi.

Ba daga bakinka na ji ba. Ƙanwarka ce ta yi suɓul da baka, ta ce ka je ka ga sabuwar salun ɗin nan da kamfani ya fito da ita bana, har ka shiga ka riƙe sitiyari, an ba ka takardar biya kaɗan-kaɗan ka kai gida. Kada ka yi mata faɗa. Na san in a waya ne za ka ce "to Baba" ka ajiye, shi ya sa na zauna na rubuto, don ka karanta ka sake karantawa.

Ban hana ka sayen mota ba. Yara sun ƙaru, wadda kake hawa kuma ta gaji, kullum tana wajen makaniki. Salun ma zaɓi ne mai kyau ga mai iyali. Ba ta da tsawo kamar jif, don haka ta fi kama ƙasa a kwana, ba ta saurin kifewa, kuma ba ta shan mai da yawa. A nan ba mu da saɓani.

Maganar kuɗi ka fi ni iya lissafi, kaɗan zan faɗa. Ranar da ka fitar da sabuwar mota daga wurin dillali ta zama ta hannu, kuma a shekarar farko darajarta ta fi faɗuwa, alhali bashin da ke kanka bai ragu haka ba. Kada ka tsaya kan abin da za ka biya a wata. Ka haɗa na watannin gaba ɗaya, da kuɗin ruwa, da inshora, da sabis ɗin da dole sai a garejinsu za a yi in kana son garanti ya ci gaba, sannan ka dubi jimillar da idon basira. Sai kuma batun sabuwar ƙira. Motar da aka sake wa inji da giya da komai a lokaci ɗaya, masu sayen farko su ne ake gwada ta a kansu. Kamfanin Ford ya sa wata sabuwar giya mai suna PowerShift a Fiesta ta 2011 da Focus ta 2012, mutane suka yi ta saye, daga baya motocin suka riƙa karkarwa da fizga in za su tashi, har magana ta kai kotu. Corolla kuwa tun 1966 ake yin ta, a 2021 aka ce an sayar da fiye da miliyan 50. Wannan yardar a hankali aka same ta, shekara bayan shekara. Motar da ta fito jiya ba ta da wannan shaidar tukuna, ko da sunan da ke jikinta tsoho ne.

Amma duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Kuɗi in sun tafi ana samun wasu.

Ƙanwarka ta ce ta ƙasan za ka ɗauka, mai araha a cikin jerin, don ita ce kuɗinka za su kai. Nan ne gabana ya faɗi. Ɗana, farashin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe a talla na ta ƙasan ne, hoton da ke haskawa kusa da shi kuma na ta saman ne. Taurari biyar ɗin da dillali ya nuna maka, wato makin da ake ba mota kan yadda ta kare mutane a gwajin karo, ka tambaye shi wace ce aka gwada, kuma wadda aka kera wa wace ƙasa. Suna ɗaya, fenti ɗaya, amma abin da ke cikin ƙarfe daban. In kamfani zai rage farashi, ba ya cire abin da ido ke gani. Zai bar maka allon nan mai faɗi da fitilu masu kyalli, ya cire jakar iskar gefe wadda ba za ka san babu ita ba sai ranar da ake bukatarta.

Ka nemi bidiyon gwajin da aka yi a Amurka a 2016, yana nan a YouTube. An ɗauki salun biyu na kamfani ɗaya, Nissan, duka an kera su a Meziko. A lokacin, Tsuru ita ce mafi araha da ake sayar wa mutanen Meziko, Versa kuma mafi araha da ake kai wa Amurka. Aka haɗa su gaba da gaba. A cikin Versa jakunkunan iska suka buɗe, ɗakin fasinja ya tsaya yadda yake. A cikin Tsuru babu jakar iska ko ɗaya, rufin ya lanƙwashe, sitiyari ya shigo ciki, kan mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba ya bugi ƙarfen gefen gilashi. Na kalle shi, na kasa gamawa a zama ɗaya. A 2017 aka daina kera Tsuru. Kafin nan, a 2014, ƙungiyar Global NCAP, mai gwajin karon motoci, ta gwada ƙananan motoci biyar da ake sayarwa a Indiya, dukansu ba wadda ta samu tauraro ko ɗaya wajen kare manya. Volkswagen ta sa wa Polo ɗinta jakar iska biyu, aka sake gwadawa, ta samu taurari huɗu. Mota ɗaya ce fa, abin da aka ƙara mata kawai ya bambanta.

To ga abin da nake so ka tambaya, kuma a nuna maka a rubuce, kada ka yarda da "akwai" na baki. Jakar iska nawa ce a cikin wadda za ka biya, kuma akwai ta gefe mai saukowa kamar labule har kujerar baya? Don a baya jikokina za su zauna. Akwai na'urar hana zamewa da suke kira ESC? Ita ce idan ka kauce wa wani abu da sauri, bayan mota ya fara juyawa, take taka birkin taya ɗaya ita kaɗai ta dawo da kai hanya kafin ka ma gane abin da ke faruwa. Ba direban da ƙafarsa za ta iya wannan, komai ƙwarewarsa, domin birki ɗaya gare ka kana taka huɗun tare. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma kan duk sabuwar mota daga ƙarshen 2014. Ka sa hannu tsakanin mazauni da majingina a kujerar baya, ka lalubo ƙarafa biyun nan na maƙala kujerar yaro, ISOFIX. Ka duba bel ɗin tsakiya, mai ratsa kafaɗa ne ko na ƙugu kawai. Tun 1959 injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, kamfanin ya bar kowa ya yi amfani da ƙirar. Duk wanda zai sayar maka da sabuwar mota yau ya hana ɗanka da ke zaune a tsakiya wannan, bai ga girmanka ba.

Na san za ka ce Baba ya cika tsoro. Haka kuka ce lokacin da na ƙi sayen waccan jar motar kuna yara, kuka yi kwanaki ba ku yi mini magana da daɗi ba, har mahaifiyarku ta shiga tsakani. Ban yi nadama ba, kuma gobe ma haka zan yi. Kai ba ka je asibiti ranar Baffanka ba, ni na je, ni na karɓi kayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, kuma haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A gidanmu an riga an ba da ɗaya.

Kuma tunda magana ta zo, bari in faɗa maka abin da na haɗiye zuwanku na ƙarshe. Da idona na ga ƙaramar a cinyar uwarta a kujerar gaba, babban kuma yana tsaye a baya ya riƙe kujerarka, ba wanda ya ɗaura bel, kai ma haka. Kai da ka yi karatu! Kana tsammani hannun uwa zai riƙe yarinya in aka yi karo? Ba zai riƙe ba. Jakar iskar gaban ma da aka yi don ceton babba, da ƙarfin da take fitowa tana iya hallaka yaron da ke gabanta. Mutumin da ke tuƙa 'ya'yansa haka, yana shirin cin bashin shekaru don allo da fenti, ni ban san me yake saya ba. Na yi shiru ranar don matarka na wurin, ban so in kunyata ka ba.

Ka yi haƙuri da zafin maganata. Na san don su kake wannan wahalar, kana so su shiga abin da ba zai mutu da su a hanya ba, kuma ka yi shekaru kana tarawa. Allah ya ga niyyarka, ni ma na gani.

Idan wadda za ka iya biya ba ta da abubuwan nan, ba ta kai kuɗinta ba, ko nawa suka rage maka. Gara ka nemi ƙirar da ta gabace ta, ta saman jerin, wadda an daɗe ana hawa an san halinta, ko ka jira shekara guda a ga abin da masu sayen farko za su ce. Idan kuma ranka ya kafe a kan sabuwar, ka tambayi bambancin kuɗi tsakanin ta ƙasan da wadda ke da cikakkun kayan kariya, ka faɗa mini. Akwai ɗan abin da na ajiye, ka san wanne, na yi magana da mahaifiyarka ta amince. Kujerun yara biyu kuma ni zan saya, wannan ba shawara nake nema ba.

Ka ɗauki hoton takardar da ke ɗauke da bayanin motar ka turo wa ƙanwarka ta nuna mini kafin ka sa hannu a komai. Ka gaishe da mai ɗakinka da kyau, ka ce mata ba da ita nake ba. Ka shafa mini kan yaran.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ku a duk inda kuka sa gaba.

Mahaifinka.