Karayar tsofaffi: mata ke yawan karyewa, maza ke yawan rasuwa

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana cina a rai.

A gidanmu cikin shekara guda mutum biyu suka karye, kuma duk ba hatsarin mota ba, ba faɗowa daga bene ba. Innarmu santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya, ta dafa ƙasa da hannu, tsintsiyar hannun ta karye. Baffanmu kuwa tashi ya zo yi daga wajen alwala ya zame ya zauna daɓas, shi ke nan ƙashin ƙugu ya tafi. Inna yau tana nan tana tsintar shinkafarta, hannun dai ya ɗan karkace. Baffa bai kai wata biyar ba, Allah ya jiƙansa.

Sai daga baya wani likita ya warware mana zancen, ya ce ciwo ne, zaizayewar ƙashi, ƙashin ya rarake daga ciki kamar itacen da gara ta ci, ba zafi ba kumburi, sai ranar da aka faɗi. Mu kuma da mun ga tsohuwa ta ranƙwafa ta yi doro sai mu ce ai tsufa ne, alhali sau da yawa ƙasusuwan gadon baya ne ke lotsewa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙididdigar duniya ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 50, mace 1 cikin 3 za ta yi irin wannan karayar, namiji 1 cikin 5. Mata sun fi, don da zarar al'ada ta ɗauke sinadarin estirojin da ke riƙe ƙashi sai ya yi ƙasa, ƙashi ya dinga zuba da sauri a shekarun farko, ga shi dama nasu bai kai na maza kauri ba. Toh amma abin da ya ɗaure min kai, in aka zo karayar ƙugu maza sun fi mutuwa a shekarar farko, kusan ninki biyu na mata. Namiji sau da yawa kafin ya karye dama ga hawan jini ga suga ga ciwon zuciya, kuma ba mai kawo masa wannan ciwon a rai balle a gwada shi, wai ciwon mata ne. Ga kuma halinmu na maza, Baffa kwana uku yana cewa targaɗe ne a bar shi.

Mun kira mai ɗori, kuma ni ba na raina masu ɗori, sun ɗora hannaye da ƙafafu da yawa a garin nan sun warke. Amma ƙashin ƙugu yana can ciki, kara da tsumma ba sa kai wa gare shi, yawanci aiki yake so kuma cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu muka kwantar da dattijo wata da watanni, gyambon kwanciya ya fito, ƙirji ya cushe da limoniya. Kwanciyar ce ta cinye shi wallahi. Kuma muna Kano fa, ga asibitin ƙashi na Dala a kusa da mu, tsoron kuɗi da tsoron a ce za a yanke ƙafa suka hana mu zuwa da wuri.

Wani abu kuma, ƙwayoyin nan na haɗi da ake sayowa tsofaffi a kemis don ciwon gwiwa, in akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki aka daɗe ana sha, ƙashi suke ci. Haka taba sigari. 'Yan matanmu masu shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba su ma su ji.

Ranar 20 ga Oktoba ce ranar wannan ciwo ta duniya, ni dai ban taɓa jin an yi shiri a kai a rediyo da Hausa ba. Dan Allah Edita a samo mana likitan ƙashi ya yi bayani a shafin lafiya, musamman inda ake gwajin ƙarfin ƙashi a Arewa da nawa ake biya, don yanzu Inna kullum sai na kai mata nono da miyar kuka, na sa an yi mata daɓe mai kaushi a bakin rijiyar, iya abin da na sani ke nan.

Daga mai karanta ku kullum, Kano.