Zuwa ga ɗana, kan maganar jirgin ruwan nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma karatu yana tafiya daidai. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce kana son ɗan jirgin ruwa mai tafiya da rimot, amma ka rasa wanne za ka ɗauka: ka haɗa da hannunka, ko ka sayi haɗaɗɗe irin na Caina da ake sayarwa a Sabon Gari. Ka kuma ce haɗawa ya fi araha. To nan ne nake so ka tsaya ka sake lissafi.

Jirgin farko da mutum zai haɗa ba ya araha. Katakon da masu wannan sana'a ke so, balsa, daga Kudancin Amurka yake fitowa, akasari ƙasar Ekwado, kuma ba abin da za ka tarar a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ba ne. Siririn filawud za ka samu, shi ma falle guda ake sayarwa, alhali abin da kake buƙata bai kai rubu'insa ba. Ga ƙaramin zarto, ga sanfefa, ga fenti, ga gam. Farin gam ɗin da kafintoci ke amfani da shi kuwa, da ya daɗe a ruwa sai ya saki, dole sai irin Araldite mai bututu biyu da ake cakuɗawa, wanda mai ƙarfinsa yakan kwana kafin ya kama sosai. Kafin jirgi ya taɓa ruwa kuɗin kayan aiki kaɗai na iya wuce na haɗaɗɗen. Sai a jirgi na biyu da na uku sauƙin yake fitowa, don kayan aikin suna nan.

Amma kuɗin ba shi ne ya fi damuna ba, lokacin ne. Aikin nan rabinsa jira ne. Ka manna haƙarƙarin jirgi, ka jira. Ka goge, ka shafa fenti, ka jira ya bushe, ka sake gogewa, ka sake shafawa, don shafi ɗaya ba ya hana yoyo. In da hunturu ne ƙura ta manne a fentin, katakon ya tsage. In da damina ne ya kumbura. Ba aikin Asabar da Lahadi ba ne, makonni yake ci, kai kuwa jarrabawar WAEC da NECO suna gabanka. Ban yarda ka taɓa shi ba sai ka ajiye alƙalami.

Duk da haka ba na so ka sayi haɗaɗɗe. Na roba ne, an like shi ruf, ranar da ruwa ya shiga injinsa ranar ya mutu, kuma ba ka ƙaru da komai ba. Wanda ya haɗa da kansa kuwa, a bahon wanki zai ga abin da malamin fizis ke zana masa a allo. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka jirgi mai kilo 2 sai ya ture lita 2 kafin ya tsaya a kan ruwa. Ɗora batir a sama ka gani, nan take zai karkata ya kife. Sauke shi can ƙasa a tsakiya, sai jirgin ya zauna daram. Wannan ilimin ba na wasa ba ne. Ba ka manta da kwale-kwalen da ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a 2021 ba, akasarin waɗanda suka rasu 'yan Islamiyya, kuma lodin da ya wuce kima aka ɗora wa alhakin. Allah ya jiƙansu. Ina so ɗana ya zama cikin masu gane dalilin irin wannan tun kafin ya faru.

Ga shawarata. Gangar jikin ka yi da hannunka, ka fara gwada fasalin da kwali kafin ka yanka katako. Rimot da abin karɓar saƙonsa kuwa saye za mu yi, ɓata lokaci ne ka ce za ka ƙera su yanzu. Ɗan injin da zai juya farfela akwai shi a tsohuwar rediyon kaset da ke ɗakina, batir kuma masu gyaran waya a Farm Centre za su nuna mana wanda ya dace.

Kada ka kai shi kududdufi gwaji, ko da abokanka sun matsa. Baho ya isa. In ka gama jarrabawa lafiya, ni zan kai ka Ƙofar Ruwa mu zaɓi kayan aiki. Kafin nan ka zana min jirgin a takarda, da tsawonsa da faɗinsa a santimita, ka ba wa yayanka ya taho min da shi ranar ziyara.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Kano