Ba tsoron tatsuniya ne ya sa wasu Kiristoci ke ƙin wannan labarin ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi wani abu da ya tsaya min a rai tun watan jiya.

Ni malamin makaranta ne, Turanci nake koyarwa, a Barnawa nake zaune, gidan haya ne mu huɗu, Musulmi biyu Kirista biyu. Rannan da yamma ina alwala a bakin famfo sai na ji maƙwabciyata, ƴar Katolika ce, tana ta faɗa da ƴarta mai shekara 12, ashe yarinyar ce ta kai wayar uwar wurin masu tura fina-finai aka loda mata wani fim mai dogon zango na Turawa, His Dark Materials, uwar kuma ta taɓa jin fada, wato limaminsu, ya ambaci sunan a coci, nan take ta goge shi kaf. Ƙanina da ke zaune kan benci ya kwashe da dariya ya ce haba Mama, fim ɗin yara ne fa, mayu masu tashi sama da dabbobi masu magana, ai kamar Gizo da Ƙoƙi ne. Ta kalle shi ta ce ɗana, Gizo ya taɓa ce maka coci ce ke satar yara? Gaskiya ni ma da farko na ɗauka tsananin Mama ne kawai, amma maganar ta shige ni, sai na nemo littattafan wurin masu tsofaffin littattafai na zauna na karanta.

Wani marubucin Ingila ne ya rubuta su, Philip Pullman, guda uku ne, na farko ya fito 1995, na biyu 1997, na ukun 2000. Kuma in faɗi gaskiya mutumin ya iya ba da labari, har lambobin yabo ya ci, ni da kaina sai da na kai ƙarfe biyun dare da fitilar waya saboda ba wuta. A duniyar labarin kowane mutum kurwarsa a waje take, tana biye da shi da siffar dabba, ta yaro tana rikiɗa yanzu kyanwa anjima tsuntsu, in ya balaga sai ta tsaya a siffa ɗaya. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba tunda mun taso muna jin maye ya kama kurwar wane. Toh a nan su wa ke kama kurwar? Hukumar addini. Ita ke mulkin duniyar, mutanenta ke sace yaran talakawa su kai su can arewa cikin ƙanƙara su sa wata na'ura su yanke tsakanin yaro da kurwarsa, wai don su raba shi da zunubin asali kafin ya balaga. Akwai wurin da aka tsinci wani yaro da aka yi wa haka, ya rungume busasshen kifi a ƙirji a madadin kurwarsa yana ta tambayar ina take, wallahi sai da na ajiye littafin na ɗan fita shan iska.

Sunan hukumar Magisterium. Mu ba za mu ji komai ba in an faɗi kalmar, amma wurin ɗan Katolika suna ne na gaske, shi ne ikon koyar da addini da ke hannun Fafaroma da bishop-bishop. Kamar a ce wani ya rubuta labarin masu yankan kai ya sa wa ƙungiyar suna Majalisar Malamai, sannan ya ce ai ƙirƙira ce kar kowa ya ji haushi. Su ma sauran ɗarikun bai ƙyale su ba, domin a labarin ya mayar da John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya zama Fafaroma ya kai kujerar Geneva. Kuma duk tsawon littattafan da ƙyar ka ga limamin coci ɗaya mai kirki, har akwai wanda aka yafe wa zunubi tun kafin ya aikata aka tura shi ya kashe yarinyar da labarin ke kanta.

Wannan duk mai sauƙi ne. A littafi na uku ne abun ya fito fili, inda ya nuna cewa wanda mutanen labarin ke bauta wa, da sunayen da Littafi Mai Tsarki ke kiran Ubangiji da su, wai mala'ika ne na farko da ya yi ƙaryar shi ya halicci sauran, ya tsufa tukuf har ya rasa hankali, ƙarshe iska ta kwashe shi. A'uzubillahi, ina rubutawa ma jikina na yar. Yarinyar labarin kuwa, Lyra, ita ce sabuwar Hauwa'u, wata tsohuwar sista, irin matan Katolika da ke keɓe kansu ga hidimar coci, da ta bar addini ta koma kimiyya ita aka ba aikin maciji, kuma cin ɗan itacen da littafin Farawa na Littafi Mai Tsarki ya kira faɗuwa shi marubucin ya mayar da shi ceton duniya. Ya ɗauki labarin Adamu ya kifa shi. Shi kansa bai ɓoye ba, mutum ne da bai yarda da Allah ba, ya sha faɗa a hira da ƴan jarida, ya kuma sha sukar labaran Narnia na C.S. Lewis da Kiristoci ke so saboda darasin addinin da ke ciki.

Da aka yi fim ɗin littafin farko a 2007, The Golden Compass, kamfanin ya ji tsoro ya rage gishirin, aka cire kalmar coci. Duk da haka ƙungiyar Catholic League ta Amurka ƙarƙashin Bill Donohue ta ce a ƙaurace masa, hujjarsu kuma ita ce ta fi kama hankalina a matsayina na uba, suka ce fim ɗin tarko ne, an sako shi a Disamba dab da Kirsimeti, yaro zai kalla ya ji daɗi ya ce a sayo masa littattafan, iyaye su saya ba su san abun da ke na ukun ba. Jaridar fadar Fafaroma ma ta soke shi, wata hukumar makarantun Katolika a Kanada ta kwashe littattafan daga laburarenta. Fim ɗin bai yi kasuwa a Amurka ba, ci gabansa bai fito ba, sai a 2019 BBC da HBO suka dawo da labarin, wanda ya iso wayar Mama.

Amma fa ba duk Kiristoci ba ne, a yi adalci. Rowan Williams lokacin yana Akbishop na Canterbury, shugaban Angalikan, ya kare littattafan, a ganinsa abun da aka rusa a ciki addinin danniya ne da abin bautar ƙarya, har ya so a riƙa tattauna su a darasin addini a makarantu. Na gane nufinsa, sai dai shi malami ne da ya ƙoshi da karatu, ƴar shekara 12 da ke kallo ƙarƙashin bargo da abin ji a kunne ba ta da wannan rariyar. Nan ne nake tare da Mama.

Abun da ya sa na rubuto, Malam Edita, na ga yaranmu a Facebook in irin wannan magana ta taso sai su ce rigimar Kiristoci ce ba ruwanmu, wasu har da murna. Ku karanta tukunna. Mala'iku, Annabi Adamu, hisabi, Aljanna, wanne ne ba namu ba a ciki? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ka san abun yi. Kuma na lura masu adawar can takarda suka rubuta, suka hana kuɗin tikitinsu, suka kwashe littattafai daga laburare, iyakarta ke nan, mu da muka ga rikicin 2002 a garin nan, wanda wani rubutun jarida kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tayar, mun san inda rubutu ɗaya ke iya kai mutane.

Na kai wa Mama littafi na ukun na ce ta duba da idonta kar ta tsaya kan an ce. Sati biyu ke nan yana wurinta, jiya na gan shi kan tabarma kusa da Littafi Mai Tsarkinta ta cusa tsinken tsintsiya wajen tsakiya. Sauran biyun suna saman wadirof ɗina, babbar ƴata ta tambaye ni sau biyu, na ce sai ta gama jarrabawa.

Naku,
wani malamin makaranta,
Barnawa, Kaduna.