Adakar Baba da Ke Tawa

Yamai, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya Kano, ya kasuwa? Mu nan sai godiyar Allah, sanyi ya fara ja da baya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna gaisawa ta salula. Magana ce wadda ba ta son gaggawa, kuma akwai roƙo a ƙarshenta.

Wata uku ke nan da na shiga wata 'yar ƙungiya ta masu tara tambur da binciken tarihin gidan waya. Tambur dai shi ne abin da ku a can kuke kira kan sarki, tunda naku na dā kan sarkin Ingila ne a jiki. Ba mu da yawa, kuma galibi dattawa ne. Sau ɗaya a wata muke haɗuwa a gidan wani tsohon ma'aikacin gidan waya, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi, kowa ya buɗe abin da ya zo da shi.

Ran da na fara zuwa na tafi da gwangwanin nan da ka sani, wanda muke cikawa muna lakwal. Dattijon ya sa hantsaki yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, don ba a taɓa tambur da yatsa, gumi yana ɓata shi. Can sai ya ce da ni, "Ina ambulan ɗinsu?" Na ce mun jiƙa da ruwa mun ɓamɓare, takardun kuwa an hura wuta da su. Bai yi mini faɗa ba. Ya tashi ya ɗauko wani ambulan da ya yi ja don tsufa ya ajiye a gabana.

Tambur ɗin da ke jiki babu sunan Nijar ko kaɗan. Daga 1944 har zuwa 1959 tambur ɗaya ake liƙawa a tarayyar ƙasashen da Faransa ke mulka da ake kira Afirka ta Yamma ta Faransa, tun daga Dakar har Gigime can gabashin Nijar. To me zai nuna maka cewa daga garinmu wasiƙar ta tashi? Hatimin da aka buga a kai. Na kara madubi, sai ga TAHOUA, wato Tawa, a zagaye, ga rana ga wata ga shekara. A baya kuma ga hatimin Yamai da nasa kwanan watan. Ka ga da waɗannan biyun mutum zai lissafa kwana nawa jakar wasiƙu ta yi a hanya, ya san ko da damina ne ko da rani. Wallahi na daɗe ina kallon takardar nan. Na tuna wasiƙun da mahaifina ya riƙa aikowa daga Abijan shekarun da yake ci-rani, waɗanda na yayyaga da hannuna don in sami ɗan hoton kusurwa. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ba wai tambur ɗin ba shi da nasa labari ba. Na farko da ya ɗauki sunan ƙasarmu a 1921 ya fito, kuma aro ne: na yankin da ake kira Haut-Sénégal-Niger, mai hoton mutum da rawani a kan raƙumi, aka buga TERRITOIRE DU NIGER a kansa. Sai a 1926, shekarar da aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kawo Yamai, aka yi mana namu: masu jan ruwa a rijiya, kwalekwale a kogi, da sansanin Damagaram. Bayan an kafa jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958 aka fara fitar da masu hoton namun dajinmu, har da raƙumin dawa. Akwai wani da na yi murna da shi na ɗauka namu ne don na ga "Niger Coast" a jiki, aka ce mini a'a, wannan na bakin tekun Najeriya ne tun kafin 1900.

Amma ni abin da ya riƙe ni a ƙungiyar nan shi ne mutanenmu. Mu Adarawa mutanen tafiya ne. Wane gida ne a Tawa bai taɓa zaman jiran manda, wato kuɗin da ake aikowa ta gidan waya, daga Abijan ko Kumasi ba? Ka tuna masu rubuta wasiƙa da ke zama a ƙofar gidan waya da ɗan teburinsu, tsohuwa tana faɗa suna rubutawa? Wasu adireshi da Faransanci a waje, ciki kuwa ajami ne tsantsa. Waɗannan takardu su ne shaidar inda iyayenmu suka je da abin da suka aiko, kuma gara tana cinsu a ɗakunan da ba a buɗewa.

Ga roƙon. Na san adakar Baba, Allah ya jiƙansa, tana nan a gidanku na Tawa, kuma na san shekarun da ya yi yana fatauci tsakanin Kano da Ƙonni bai yar da takarda ba. Ka yi wa Inna magana kada a ƙone komai, kada kuma a bar yara su ɓamɓare tambur. A ɗaga ta daga ƙasa kafin damina, a nisanta ta da danshi. Kada a liƙe wadda ta yage da salatif, yana barin tabon da ba ya fita. In kun yarda, idan na je Sallah zan ɗauki hoton ambulan ɗin gaba da baya, a gaban Inna. Abin da ke ciki sirrin gidanku ne, ba zan buɗe ba sai da izininka.

Amsar wannan kuma, don Allah ka aiko ta ta gidan waya. Ina so in ga kwana nawa za ta yi daga Kano zuwa Yamai, zan kuma ajiye ambulan ɗin yadda ya zo.

Ka gaida mini Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Yamai