Rahoton Ayyukan Shekara: Haƙƙin Wanda Aka Kama

Assalamu alaikum ƴan'uwa mambobi.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne zagayen fadojin matasa. Mun zauna da su a unguwannin Kara-Kara da Garin Malam da Birni a nan Damagaram, mun kuma sha shayi da ƴan kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole. Tambayarsu kusan ɗaya ce: in ɗan sanda ko jandarma ya ce ka biyo shi, yaya za ka yi?

Mun ce musu kada a gudu, kada a yi kokawa ko zagi, don kokawa ko zagi wani sabon laifi ne. A nuna katin ɗan ƙasa, a tambayi dalili cikin ladabi, a roƙi a sanar da gida. A laifuffukan yau da kullum tsarewa a komisariya awa 48 ce, ba a ƙara wasu 48 sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, kuma ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin kamu.

Amma abin da ya fi ɗaga mana hankali sa hannu ne. Takardar bayani da Faransanci ake rubuta ta, yawancin yaranmu kuwa ba su yi nisa a lakwal ba. Wani uba ya zo mana yana hawaye: ɗansa ya dangwala yatsa don ya matsu ya koma gida, bai san me ya amsa ba sai a gaban alƙali. Tun daga ranar ba ma tashi daga zama sai kowa ya maimaita da bakinsa: a karanta mini da Hausa tukuna. Takardar nan ita ce za ta bi ka har kotu.

Mun raka iyalai marasa hali zuwa ofishin ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimakon shari'a kyauta. Da yawa ba su taɓa jin sunanta ba.

Inda muka gaza, ba mu kai ga mata ba, alhali su ne ke kai abinci, su ne ke kwana da zullumi. Ba mu leƙa Mirriya ba saboda kuɗin mai. Baɗi da zaman mata za mu fara, muna neman mambobi mata da za su jagorance shi. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Sakataren ƙungiya, Damagaram