Autarku da karatun gyaran hali

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Wata nawa ke nan ba ka neme ni ba? Sai a bakin yayarka na ji cewa autarku ta samu gurbi a jami'ar gwamnati, za ta karanta nazarin laifuffuka da gyaran hali. Wannan bashi ka ci, kuma sai ka biya. Allah ya sa albarka.

An ce kana ta baza wa mutane cewa lauya za ta zama. Ka daina, mutumina. Wannan digirin ba ya ba ta damar tsayawa a kotu ta kare wani. Karatu ne na yadda 'yan sanda da kotu da gidan gyaran hali suke miƙa wa juna mutum, da inda yake suɓucewa a tsakaninsu. Ka ja mata kunne a kan darasin ƙididdiga. Ko auna yawan masu komawa laifi bayan an sake su ba ya yiwuwa sai ta fara tsayar da abin da take ƙirgawa: sake kamawa ne, ko sabon hukunci, ko komawa gidan yari, kuma cikin shekara nawa. In ta haɗa su wuri guda, aikinta na kammala digiri ya rushe.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai shi ne lokacin da za a tura su koyon aiki. Don Allah ta nemi ofishin rajistar fursunoni na gidan gyaran hali, ko da ƙawayenta sun ce ba armashi. Kafin nan ta karanta Ƙa'idojin Nelson Mandela kan yadda za a kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, guda 122 ne. Ta 7 ta hana karɓar kowa ba tare da ingantacciyar takardar tsarewa ba. A ranar da aka kawo mutum za a rubuta dalilin tsare shi, da hukumar da ta ba da umarni, da rana da awa da wurin da aka kama shi, da duk raunin da ake gani a jikinsa, da kayansa ɗaya bayan ɗaya, da wanda za a kira in wani abu ya faru. In littafi ake amfani da shi, kowane shafi da lambarsa da sa hannu, don kada a yage wani. Ta 8 kuma ta ce a riƙa shigar da ranakun zaman kotu. Nan ake samun ɓarna: aka manta layin nan guda, ba wanda zai fito da mutum ranar shari'arsa, sai wanda ba a ma yanke wa hukunci ba ya shekara yana jira. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

 

Autar taku kuma ta riƙe lamba biyu daga ƙa'idojin nan: keɓe fursuna awa 22 ko fiye a rana ba ya hulɗa da kowa shi ne tsarewar kaɗaici, kuma in ta wuce kwana 15 a jere an haramta ta. Ka turo mini jerin darussanta na zangon farko in duba. Ka gaida Mama.

Naka har kullum.